Fannie Lou Hamer da Jam'iyyar 'Yanci ta Misisipi

A kudancin Amurka akwai wata jiha da ake kira Misisipi, inda ake noman auduga da yawa. A can aka haifi Fannie Lou Hamer a shekarar 1917. Ita ce auta cikin 'ya'ya 20. Iyayenta baƙar fata ne, zuriyar bayi, ba su da gonar kansu. Gandun wani Bature suke nomawa, in kaka ta yi a raba amfanin, rabonsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Tana da shekara 6 ta soma tsinkar auduga, tana da 12 ta bar makaranta.

A zamanin nan dokar Amurka ta ba kowa ikon jefa ƙuri'a, amma Turawan Misisipi sun san dabarun hana baƙar fata. Fannie sai da ta kai shekara 44 kafin ta ji tana da wannan iko. A 1962 ita da mutum 17 suka tafi garin Indianola a rubuta sunayensu cikin littafin masu zaɓe. Aka yi musu jarrabawa mai wuya a kan dokokin jihar, aka ce ta faɗi. Da ta komo gida, sai mai gandu ya ce ko ta janye, ko ta bar masa gonarsa. Ta bar gonar, bayan aikin shekara 18. A 1963 'yan sanda suka kama ta a garin Winona, aka yi mata dūkan da ya lalata mata ƙoda da ido. Duk da haka ba ta fasa ba.

To, jam'iyyar da ke mulkin jihar ita ce Dimokurat, reshenta na Misisipi kuwa ba ya karɓar baƙar fata. Saboda haka a 1964 Fannie da abokan aikinta suka kafa tasu, suka sa mata suna Jam'iyyar 'Yanci ta Misisipi, suka buɗe ƙofarta ga kowa. Ƙaramar jam'iyya ce, yawancin 'ya'yanta talakawa ne.

A watan Agusta na shekarar nan 'yan Dimokurat na ƙasa duka suka yi babban taro a birnin Atlantic City. Sabuwar jam'iyya ta aika wakilai 68, suka nemi a ba su kujerun Misisipi. Fannie ta zauna gaban kwamiti, ta ba da labarin korarta da dūkanta, ana nunawa a talabijin. Shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya ji tsoron kada ya rasa ƙuri'un Turawan kudu, sai ya yi maza ya kira 'yan jarida don a ɗauke hankalin jama'a. Dabarar ba ta ci ba, gama da dare aka nuna jawabin nata, ƙasa duka ta ji.

Manyan taro suka ce za su ba su kujera biyu kacal. Waɗansu shugabanni suka ba da shawara a karɓa. Fannie da jama'arta suka ƙi, suka koma gida hannu wofi. Amma a 1965 aka kafa dokar da ta hana irin jarrabawar nan, a taron 1968 kuma Fannie ta zauna cikin wakilan Misisipi.

Sauran kwanakinta ta yi su wajen kafa gonar haɗin kai don ciyar da matalauta. Ta rasu ran 14 ga Maris, 1977, aka binne ta a garin Ruleville.