Dakta Cicely Williams, likitar da ta tsaya wa nonon uwa

Yau za mu waiwayi rayuwar Dakta Cicely Williams, wadda aka haifa a Jamaika a 1893. A 1929 aka tura ta aiki Gana, zamanin mulkin Ingilishi. A Akara ta lura da yaran da ke kumbura bayan yaye, domin kunun masara kaɗai ake ba su. A 1935 ta kira ciwon kwashiyoko, sunan da ta ɗauko daga harshen Ga. Wasu manyan likitocin Ingila suka ƙaryata ta, daga baya aka gane ita ke da gaskiya.

A Singafo, cikin 1939, ta fito fili ta zargi kamfanonin madarar gwangwani da jawo mutuwar jarirai, saboda suna sa ƴan mata tufafin ma'aikatan jinya su bi gidaje suna talla. Sai a 1981 hukumar lafiya ta duniya OMS ta kafa ƙa'idar taƙaita wannan talla. Ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi.

Ta rasu a Oxford cikin 1992. Mu nan Dendi, in an yabi gwangwani a gabanmu, mu tambayi wa zai ci ribar.