Giovanni Cassini: Masanin taurarin da ya bi diddigin alfijirin ƙarya

An haifi Giovanni Domenico Cassini a garin Perinaldo na Italiya ranar 8 ga Yuni, 1625. Ya koyar da ilimin taurari a Jami'ar Bologna, kafin Sarki Louis na 14 ya gayyace shi Faransa a 1669, inda ya jagoranci cibiyar nazarin taurari ta Paris.

An fi tunawa da shi saboda gano watanni huɗu masu kewaya duniyar Zuhal. Sai dai a 1683 hankalinsa ya koma kan wani haske mai rauni da ke miƙewa sama bayan magariba ko gabanin asuba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin na asubar, shi ne alfijirin ƙarya da ba ya hana sahur. Cassini ya yi ta bibiyarsa, ya lura cewa yana bin hanyar da rana ke bi a sama. A 1684 matashin abokin aikinsa, Nicolas Fatio, ya bayyana cewa hasken rana ne ke warwatsuwa a kan ƙurar da ke tsakanin duniyoyi.

Har yau, masu auna dusasshen hasken sararin samaniya, har da na altrabayolet da ido ba ya gani, sai sun cire na ƙurar nan kafin lissafinsu ya inganta.

Cassini ya makance a 1711, ya rasu a Paris ranar 14 ga Satumba, 1712.