Ramana Maharshi, Mai Gudun Duniya na Ƙasar Tamil

A cikin masu gudun duniya da addinin Hindu ya fitar a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda sunansa ya kai nesa kamar Ramana Maharshi. An haife shi ran 30 ga Disamba, 1879, a garin Tiruchuli da ke ƙasar Tamil, kudancin Indiya, aka raɗa masa suna Venkataraman. Mahaifinsa mai tsaya wa mutane ne a kotu. Da ya rasu cikin 1892, sai aka kai yaron birnin Madurai wurin baffansa, ya shiga makarantar mishan ta Amurkawa.

Cikin watan Yuli na 1896, yana da shekara 16, lafiyarsa ƙalau, sai tsoron mutuwa ya auka masa. Bai kira kowa ba. Ya miƙe a ƙasa, ya sandare kamar gawa, ya riƙe numfashi, yana tambayar kansa mene ne ainihin abin da ke mutuwa. Abin da ya ce ya gane shi ne, jiki ne za a ɗauka a ƙone bisa al'adarsu, amma wannan da ke sane da kansa a ciki, mutuwa ba ta taɓa shi. Daga ranar tsoron ya rabu da shi.

Bayan mako shida ya bar gida a ɓoye da rufi 3, watau kuɗin Indiya, ya nufi Tiruvannamalai, gindin dutsen Arunachala wanda Hindu ke girmamawa. Ya isa ran 1 ga Satumba, 1896, ya aske kansa, ya jefa sauran kuɗinsa cikin tafki, ya rage daga shi sai bante. Shekara 54 ya yi a nan bai ƙara zuwa ko'ina ba, 17 daga ciki a kogon Virupaksha.

Shekarun farko ba ya magana. Cikin 1902 wani ma'aikacin gwamnati, Sivaprakasam Pillai, ya zo da tambayoyi, ya amsa masa a rubuce. Amsoshin nan su suka zama ɗan littafinsa na Tamil mai suna Nan Yar. Koyarwar kuwa guda ce, mutum ya bi diddigin tunaninsa har ya gano wane ne mai tunanin. Game da sammai da ƙassai, yakan kwatanta su da hotunan silima: gobara da ambaliya su bayyana a kan farin ƙyalle su wuce, ƙyallen bai ƙone ba, bai jiƙe ba.

Sau biyu aka ga ko maganar ta kai zuci. Cikin 1924 ɓarayi suka fasa mazauninsa da dare, suka doke shi. Ya hana almajiransa ramawa, ya bar su su kwashi abin da suka ga dama. Sa'an nan a ƙarshen 1948 ciwon daji ya fito masa a hannun hagu. Likitoci suka yi masa aiki har sau huɗu, abin ya faskara, suka ba da shawara a yanke hannun, ya ƙi. Duk da zafin ciwo bai hana jama'a zuwa ganinsa ba, shi ne ma ke lallashin masu kuka. Ya rasu ran 14 ga Afrilu, 1950, yana da shekara 70.

Kafin nan labarinsa ya riga ya kai Turai ta littafin da Paul Brunton, mutumin Ingila, ya buga cikin 1934. Mai karatu ba sai ya yarda da aƙidarsa ba kafin ya lura da abu guda: masu wa'azin raina duniya suna da yawa a kowace ƙasa, amma kaɗan ne ɓarawo da ciwon ajali suka gwada, aka tarar da su yadda suka faɗa.