Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa da ya nemi sa rana aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maraɗi da azahar cikin watan Afrilu ya san ƙarfin ranar ƙasarmu. Yawancin mutane inuwa suke nema. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo kuwa ya ga dukiya a cikin wannan zafin, kuma a kanta ya ƙarar da rayuwarsa.

An haife shi ranar 26 ga watan Yuni 1929 a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yau. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, daga nan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Turawan mulkin mallaka suke horar da malamai da ma'aikata na Afirka ta Yamma. Bayan Dakar sai birnin Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fizik, wadda ke cikin mafi tsauri a tsarin ilimin Faransa, a lokacin da ƴan Afirka masu irin wannan matsayi ba su taka kara sun karya ba.

Da takardar nan a hannu, zai iya zama a Turai cikin jin daɗi, amma ya dawo ya kama koyarwa a Dakar. A 1958 ƙasar Gine ta ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, makarantu suka rasa malamai. Abdou Moumouni yana cikin ƴan bokon Afirka da suka tafi Konakiri don toshe wannan giɓi. Daga baya ya koyar a Yamai, kafin ya tafi Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960, inda ya zurfafa bincike kan makamashin rana.

Mene ne sirrin wannan rana da ya bi har ƙasashen sanyi? Rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi, kuma kusan dukanta sinadarai biyu ne, waɗanda suka fi kowane sinadari rashin nauyi: hidrojen, wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinta, da heliyom, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, kuma matsi ya yi yawa har ƙwayoyin hidrojen suna haɗewa su koma heliyom. A kowace daƙiƙa kimanin tan miliyan 600 na hidrojen ke rikiɗa haka, ɗan abin da ya ragu na nauyin kuma ya fita a matsayin haske da zafi. Hasken yana iso mana cikin minti 8 da ƴan daƙiƙu. Shi kansa heliyom a cikin hasken rana masana suka fara gano alamarsa a 1868, tun ba a same shi a doron ƙasa ba, shi ya sa aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin rana.

Lissafin Farfesan a bayyane yake. Nijar ba ta da teku, man fetur a lokacin daga nesa ake shigo da shi da tsada, itatuwan girki suna ƙarewa, hamada tana matsowa. Amma wutar da ke ci a sama kullum tana nan, ba mai karɓar kuɗinta.

Daga 1964 zuwa 1969 ya zauna a Bamako, yana koyarwa, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1967 ya samu digirin dakta a Faransa. A 1969 ya dawo gida ya karɓi jagorancin ONERSOL, ma'aikatar ƙasa mai kula da makamashin rana, ya riƙe ta har 1985. A can shi da abokan aikinsa suka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da murhun girki mai tattara hasken rana wuri guda, da na'urar tace ruwa. Burinsa a ƙera kayan nan a Nijar, da hannun ƴan Nijar, yadda in sun lalace za a iya gyara su ba tare da jiran ƙwararre daga waje ba.

Wannan ra'ayi ne ya bayyana tun a littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique. A ciki ya yi nazarin tarbiyyar gargajiya, ya soki makarantar mulkin mallaka, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Daga 1979 ya shugabanci jami'ar Yamai na wasu shekaru, ya ci gaba da koyar da fizik har ƙarshen rayuwarsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, kuma ranar rasuwarsa ce ake bikin ranar makamashi mai sabuntawa a ƙasar.

Har yanzu aikin bai kammala ba. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mutanen Maraɗi da Tibiri sun ɗanɗana: masu niƙa sun zauna, masu ƙanƙara sun yi asara, ƴan garka na Jiratawa da ke dogara da injin jan ruwa sun shiga zulumi. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Faifan sola sun yawaita a kan rufin gidaje da shaguna, sai dai kusan dukansu daga waje ake sayo su. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi su ne ke da sauran aikin da ɗan Tasawa ya bari. Allah ya jiƙansa da rahama.