Wild Bill Hickok, mutumin da mujalla ta ɗora wa sunan da ya fi ƙarfinsa

Da yawa daga cikinmu mun taso da finafinan kaboyi a gidajen sinima, da ƙananan littattafan hoto na faransanci waɗanda ake bazawa ƙasa a bakin kasuwa, a saya ko a yi musaya. Abin ya shiga ran samarin ƙasar nan sosai, har marigayi Mustafa Alasan ya yi fim a 1966 kan wani saurayi da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hana mutanen ƙauyensu sakat. Yau mun ɗauko rayuwar ɗaya daga cikin mutanen da aka gina irin waɗannan labarai a kansu, domin mu ga abin da ya faru da gaske da abin da masu sayar da takarda suka ƙara.

Sunansa na yanka James Butler Hickok, amma duniya ta san shi da laƙabin Wild Bill. An haife shi ranar 27 ga watan Mayu 1837 a jihar Ilinoyi ta Amurka, a gidan manoma. Mahaifinsa yana cikin masu ƙin cinikin bayi, kuma gidansu yakan ɓoye bayin da suka gudo daga kudu. Uban ya rasu a 1852. Ƴan shekaru bayan haka yaron ya nufi yamma, zuwa Kansas, inda ya yi aikin tuƙa amalanken kaya.

Jinin farko da aka danganta da shi, kan bashi ya zuba. A watan Yuli 1861 yana aiki a wani zango mai suna Rock Creek, a Nebraska, inda masu kai wasiƙu ke sauya dawaki. Wanda ya sayar wa kamfanin da wurin, David McCanles, ya zo neman cikon kuɗinsa da aka daɗe ba a biya ba, tare da ɗansa ƙarami da mutum biyu. Gardama ta kaure, aka kashe McCanles da mutanen nan biyu. An gurfanar da Hickok da abokan aikinsa, aka sallame su a kan cewa kare kai suka yi. Daga nan ya shiga yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 a ɓangaren arewa, yana jan ayarin kaya da leƙen asiri.

Na biyu ma bashi ne, kuma ƴan kasuwa za su gane shi da kyau. A garin Springfield na jihar Misuri, wani abokin cacarsa, Davis Tutt, ya ce yana bin sa dalar Amurka 35, shi kuma Hickok ya ce 25 ne. Kada a ɗauka dalarmu ce ta nan, a wancan zamani kuɗi ne masu kauri. Tutt ya ɗauke agogon zinariyar Hickok daga kan tebur a matsayin jingina. Hickok ya gargaɗe shi kada ya sa agogon ya fita bainar jama'a, domin hakan tallar bashinsa ne. Tutt bai ji ba. Da marecen 21 ga watan Yuli 1865 ya fito dandalin gari da agogon a jikinsa. Suka tsaya, tsakaninsu wajen metir 70, kowa ya yi harbi ɗaya. Na Tutt ya kuskure, na Hickok ya same shi a haƙarƙari, ya mutu. Kotu ta sake wanke Hickok. Saɓanin dala goma da agogo guda, shi ya ci ran mutum.

Wannan tsayuwa ta mutum biyu fuska da fuska, wadda muke gani a kusan kowane fim na kaboyi, abu ne da ba safai ya faru ba. Yawancin kisan wancan zamani a mashaya aka yi shi, cikin maye, ko ta baya. Bindigar kanta ba irin ta fim ba ce. Hickok yana riƙe da ƙananan bindigogi biyu ƙirar Colt Navy ta 1851, masu mariƙin hauren giwa. Kowace harbi shida take yi. In sun ƙare, sai an ɗura albarushi da dalma a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, kusan yadda maharbanmu ke ɗura bindigar gargajiya. Shi ya sa ake yawo da biyu.

Makonni bayan shari'ar, wani marubuci mai suna George Ward Nichols ya iso Springfield ya zanta da shi. Labarin ya fito a watan Fabrairu 1867 a Harper's, ɗaya daga cikin manyan mujallun Amurka, har da zane-zane. A ciki, mutum uku na Rock Creek sun zama gungun ƴan ta'adda goma, waɗanda Hickok ya gama da su shi kaɗai, da bindiga da wuƙa. Jaridun Misuri da Kansas, inda aka san shi ido da ido, sun yi wa labarin dariya, amma mutanen manyan biranen gabas sun saya sun yarda. Shi ma bai musa ba. A wannan shekarar ya gaya wa ɗan jarida Henry Morton Stanley, wanda daga baya ya yi suna da tafiye-tafiye a Afirka, cewa ya kashe sama da mutum ɗari. Kafin shekara ta ƙare, masu buga ƙananan littattafan nan na santi goma sun fara fito da labaran ƙirƙira da sunansa.

Sunan ya samo masa aiki. A 1869 ya riƙe tsaron garin Hays, inda ya kashe mutum biyu. A watan Afrilu 1871 aka naɗa shi shugaban tsaro na Abilene, garin da makiyayan Teksas ke koro shanu zuwa tashar jirgin ƙasa, wato babbar kasuwar dabbobi, cike da baƙi da kuɗi da giya. Daren 5 ga watan Oktoba 1871 wani mai mashaya, Phil Coe, ya yi harbi a titi cikin taron mashaya. Hickok ya harbe shi. Nan take ya ji wani na tahowa da gudu, ya juya ya yi harbi ba tare da dubawa ba. Ashe abokinsa ne, Mike Williams, ya zo kawo masa ɗauki. Shi ya biya kuɗin jana'izarsa. A watan Disamba garin ya sallame shi, kuma daga wannan dare ba a sake jin ya yi faɗan bindiga ba.

Abin da ya rage masa shi ne cin abinci da sunan. A 1873 ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Buffalo Bill, yana fitowa a matsayin kansa, yana harbin banza a gaban ƴan kallo. Bai jure ba, ya bar su a 1874. Idanunsa suka fara rauni, caca ta zama sana'arsa. Ranar 5 ga watan Maris 1876 ya auri Agnes Lake, wata mai kamfanin wasanni da mijinta ya rasu, macen da ta san neman kuɗinta. Bai daɗe ba ya bar ta, ya tafi Deadwood inda aka gano zinariya a ƙasar ƙabilar Lakota.

Ranar 2 ga watan Agusta 1876 yana karta a wata mashaya. Al'adarsa ya zauna bayansa na jikin bango, amma ran nan kujerar da ta rage mai ba ƙofa baya ce. Wani mai suna Jack McCall ya shigo ya harbe shi a ƙeya. Shekarunsa 39. Kotun da masu haƙar zinariya suka haɗa ta saki McCall, wanda ya ce fansar ɗan uwansa ya ɗauka. Gomnati ba ta yarda da wannan kotu ba, aka sake shari'a a Yankton, aka rataye shi ranar 1 ga watan Maris 1877.

Sai a 1964 wani ɗan Ingila, Joseph Rosa, ya fito da littafin da ya bi takardun kotu da tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya. In aka cire lokacin yaƙi, waɗanda binciken tarihi ya tabbatar Hickok ya kashe ba su wuce goma ba, kuma ɗaya cikinsu abokinsa ne.

Mu da muke aikin rediyo mun san yadda labari ke ƙara kiɓa daga baki zuwa baki, kuma ku a kasuwa kun fi mu sani. Masu mujalla da masu littattafai sun ci riba da sunan Hickok shekara da shekaru, shi kuwa ya mutu a teburin caca, nesa da matarsa. Saboda haka in bashi ya haɗa ku da wani, a kira shaidu ko sarkin kasuwa, a rubuta adadi, a adana jingina cikin sutura, kada a yi tallar ta. In kuma yaranmu suka kawo mana labarin jarumin da ya kashe ɗari shi kaɗai, mu tambaye su wa ya ƙirga, wa kuma ya sayar da labarin. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.