Matt Busby, Mai Rainon 'Yan Ƙwallo

Duk mai sha'awar tamaula ya san sunan Manchester United ta ƙasar Ingila, amma ba kowa ya san wanda ya aza mata harsashin girma ba. Mutumin nan shi ne Matt Busby. Ya kamata mu ɗalibai da iyayenmu mu ji tarihinsa, domin akwai abin koyi a cikinsa.

An haifi Busby ran 26 ga Mayu, 1909, a Orbiston, wani ƙauyen mahaƙa kwal a ƙasar Sikotlan. An kashe mahaifinsa a Yaƙin Duniya na Farko cikin 1917, yaron bai ko cika shekara takwas ba. Da ya tasa shi ma ya taɓa aikin ramin kwal, har ƙwallo ta fid da shi. Ya shiga Manchester City a 1928, suka ci Kofin FA a 1934. A 1936 ya koma Liverpool, inda ya zama kyaftin. Da yaƙi na biyu ya ɓarke sai ya shiga soja.

A 1945 Manchester United ta neme shi ya zama manajanta. A lokacin kulob ɗin yana cikin bashi, ga shi bama-baman Jamus sun rushe filinsu na Old Trafford tun 1941, sai aron filin Manchester City suke yi. Kafin Busby ya yarda sai da ya kafa sharaɗi. Shi zai horar da 'yan wasa, shi zai zaɓi masu bugawa, shi kuma zai faɗi wanda za a saya da wanda za a sayar. A zamanin nan manyan kulob ne suka saba riƙe wannan iko, amma suka sakar masa. Suka ba shi kwantaragin shekara biyar, don ya nuna musu gini ba ya yiwuwa da gaggawa.

Ra'ayinsa shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ganinsa yaron da aka raina a gida ya fi sanin halin ƙungiya da kishinta bisa ga gwanin da aka sayo da tsada. Don haka ya ɗauko Jimmy Murphy, wanda suka haɗu a Italiya lokacin yaƙi, ya danƙa masa yara. Ya kuma baza mutanensa wasannin makarantu suna neman masu baiwa. In an ga yaro, sai a je a nemi yardar iyayensa, a sama masa masauki a gidan mutanen kirki, wani ma a sa shi koyon sana'a. Ta haka aka samo Duncan Edwards, wanda ya fara buga wa manya yana da shekara 16, da Bobby Charlton.

Busby yakan saya in ya ga giɓi. A 1953 ya sayo Tommy Taylor daga Barnsley a kan fam 29,999. Ya rage fam guda da gangan, don kada a riƙa kiran saurayin ɗan fam 30,000, abin ya yi masa nauyi. Kun ga har zuciyar ɗan wasa yake lura da ita.

Shukar ta yi kyau. Yaransa sun ci Kofin Matasa sau biyar a jere, daga 1953 zuwa 1957. Da tsofaffin da suka ci masa gasar Ingila a 1952 suka fara gajiya, sai ya sa yaran a gurabensu, suka ci gasar a 1956 da 1957. Su ne kulob na farko daga Ingila da ya shiga gasar Kofin Turai, ko da yake hukumar gasar ƙasarsu ba ta so ba.

Ran 6 ga Fabrairu, 1958, suna dawowa daga wasa a Belgrade, jirginsu ya sauka Munich shan mai. Ana ta zuba ƙanƙara. A yunƙuri na uku na tashi jirgin ya kasa ɗagawa, ya yi karo. Mutum 23 suka rasa rayukansu, takwas 'yan wasa ne, cikinsu har da Taylor da Edwards. Busby kansa ya yi sati tara a asibiti, har an fid da rai da shi. Ya so ya bar ƙwallo, don yana ganin shi ya kai yaran mutane ga halaka. Matarsa Jean ce ta lallashe shi, ta nuna masa ci gaba da aikin shi ne girmama waɗanda suka tafi.

Ya koma kan hanyarsa ta farko. Ya sayo Denis Law a 1962, ya kuma raini George Best, wanda aka kawo daga Belfast yana da shekara 15. Ran 29 ga Mayu, 1968, a filin Wembley, suka cinye Benfica ta Fotugal da ci 4 da 1, suka ɗauki Kofin Turai. Takwas daga cikin goma sha ɗayan nan rainon gida ne. Biyu kuwa, Charlton da Bill Foulkes, suna cikin jirgin Munich. A shekarar ce Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.

Ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa masu suka. Wasu na ganin ƙaunar tsofaffin yaransa ta hana shi sabunta ƙungiya da wuri. Ya sauka a 1969, ya ɗan dawo daga 1970 zuwa 1971, a 1974 kuwa kulob ya faɗa rukuni na biyu. Busby ya mutu ran 20 ga Janairu, 1994, yana da shekara 84.

To, 'yan'uwa ɗalibai, in an tashi zaɓen 'yan wasan makaranta, kada kyaftin ya dubi manyan aji kaɗai. A riƙa jawo 'yan aji ɗaya da biyu ana koya musu, don su za su gaje mu. Ku kuma iyaye, in kun ga baiwa wajen yaro, ku tallafa masa, ku haɗa masa da karatu da tarbiyya.