Labarin Kosuke Tomeoka, Uban Yaran da Aka Yasar

Ya kai mai karatu, in aka kama yaro da sata a gabanka, me zuciyarka takan fara nema masa, bulala ko gyara? Ka kasa kunne ga labarin wani mutumin ƙasar Japan, wanda ya ƙare kwanakinsa a kan wannan al'amari.

An haifi Kosuke Tomeoka a garin Takahashi a shekara ta 1864. Tun yana jariri aka ba da shi riƙo ga wani mai sayar da shinkafa. Sa'ad da ya zama saurayi ya ji bishara, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma a 1882. Uban riƙonsa ya husata, ya tsananta masa har ya gudu daga gida. Ya yi karatu a makarantar Doshisha ta birnin Kiyoto, ya gama a 1888, ya zama makiyayin wata ikilisiya.

A 1891 ya bar ikilisiyarsa ya tafi tsibirin Hokkaido, ƙasa mai tsananin sanyi, domin ya yi wa ɗaurarru wa'azi a kurkukun Sorachi. Can ya iske ana tura mutane haƙar gawayin ƙasa, waɗansu suna mutuwa saboda wahala. Ya riƙa zama da su yana tambayarsu asalinsu. Ka lura da abin da ya gane: yawancinsu tun suna yara suka soma ɓarna, da dama kuwa ba su taɓa sanin daɗin gida ba. Sai ya tabbata itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ya haye teku zuwa Amurka a 1894, ya duba yadda ake horon matasa a gidajen gyara na Konkod da Elmira. Bayan ya komo, a 1899 ya kafa Makarantar Gida a unguwar Sugamo ta birnin Tokiyo. Bai shirya ta kamar kurkuku ba. Ya sa miji da mata su zauna ɗaki guda da 'yan yara kaɗan, su zama musu uwa da uba. Abu uku ya nema ga kowane yaro: ya yi aiki sosai, ya ci ya ƙoshi, ya yi barci isasshe. A 1914 ya buɗe wata a jejin Hokkaido, inda yaran suke noma da kiwon shanu. Har yau tana nan a garin Engaru.

A zamaninsa hukuma ta kafa dokar gidajen gyaran yara a 1900, da dokar yara masu laifi a 1922. Shi kuwa ya rasu a 1934. Bayansa dokar 1948 ta sa shari'ar yara a hannun kotun iyali, a 2011 kuma aka yi majigin rayuwarsa mai suna Daichi no Uta.

To, ɗan'uwa, kada ka ce wannan aikin manya ne. Akwai yaro a unguwarku wanda kowa ya fid da rai daga gare shi. Kafin ka ɗaga masa hannu, ka bincika inda yake kwana da wanda yake ciyad da shi, gama kurkuku yakan karɓi wanda gida ya ƙi. Ka buɗe masa ƙofarka tun da sauran lokaci.